Matse Bayanai a Shafukan Intanet: Inda Yake Amfani da Inda Ƙarfinsa Ya Ƙare

Duk lokacin da mutum ya taɓa wani adireshi a wayarsa, tun kafin harafi ɗaya ya fito, akwai 'yar gajeruwar magana da ke wakana tsakanin burauzarsa da sabar da shafin yake zaune a cikinta. Burauza takan aika buƙatarta, a ciki kuma ta saka layi guda mai suna Accept-Encoding, inda take jera irin ƙullin da ta iya kwancewa: gzip, deflate, br, zstd. Abin da take nufi shi ne, in da hali a matse kayan nan kafin a aiko, to ga hanyoyin da na sani. Sabar da aka saita da kyau sai ta zaɓi ɗaya, ta matse, ta rubuta a kan saƙon hanyar da ta bi, ta turo. Wadda ba a saita ba kuwa ko kallon layin ba ta yi, yadda kayan suke haka take jibgo su. Mai waya bai san an yi wannan ciniki ba. Shi dai abin da yake gani shi ne wani shafin yana buɗewa nan take, wani kuma sai ya gaji da kallon farin allo, ga data tana ƙarewa tun wata bai raba ba.

Bambancin ba kaɗan ba ne. Akwai wani fayil mai suna jQuery da miliyoyin shafuka suke ɗauke da shi. Yadda masu shi suka rubuta shi, da sarari tsakanin layuka da bayanan da suka bar wa junansu, nauyinsa ya kai wajen kilobait 280. In aka share sararin da bayanan, aka gajarta sunayen da ke ciki, sai ya dawo ƙasa da kilobait 90. In kuma aka bi ta kansa da gzip, abin da zai ratsa waya bai wuce kilobait 30 da 'yan kai ba. Aikinsa bai canja ba ko kaɗan, amma kusan kashi 9 cikin 10 na nauyinsa ya tafi. Haka yawancin rubutun da ake gina shafi da shi yake, wato HTML da CSS da JavaScript: matsewa takan rage shi da kashi 60 zuwa 80 cikin 100.

Masu sana'ar gina shafuka suna son musu a kan wace hanyar matsewa ce ta fi wata, kuma musun yana da daɗi. A ganina dai an ba shi muhimmancin da ya wuce nasa. Babbar riba tana tsakanin sabar da ke matsewa da wadda ba ta yi, sannan tana cikin hotuna. Bayan nan akwai abubuwa biyu da babu wata dabarar matsewa da ta isa ta taɓa su, wato nisan hanya da ƙarfin wayar da ke hannun mai karatu.

Asalin dabarar ya girmi intanet. A 1948 Claude Shannon, wani masanin lissafi a ɗakin binciken kamfanin Bell da ke Amurka, ya nuna cewa kowane saƙo yana da iyakar da ba za a iya rage shi ƙasa da ita ba in ana son dawo da shi cif yadda yake. Abin da ke sama da wannan iyaka maimaici ne, ko kuma abin da mai karɓa zai iya hasashensa da kansa. Bayan 'yan shekaru, wani ɗalibi a jami'ar MIT mai suna David Huffman, wanda malaminsu Robert Fano ya ba su zaɓi tsakanin jarrabawar ƙarshe da rubuta takarda, ya zaɓi takardar, ya kuma gano hanya mafi tsimi ta ba haruffa lambobi: harafin da ya fi yawan fitowa a ba shi gajeruwar lamba, wanda ba kasafai ake ganinsa ba a ba shi doguwa. An buga aikin a 1952. A rubutun Hausa, misali, harafin a ne zai samu lamba mafi gajarta, don da wuya ka yi kalma biyu ba ka ci karo da shi ba.

Rabi na biyu ya zo a 1977 daga Abraham Lempel da Jacob Ziv na cibiyar Technion da ke Haifa. Wanda ya taɓa ganin malamin firamare yana cika rajista ya riga ya san dabararsu. In ya zo gurbin garin haihuwa ya rubuta Katsina a layin farko, ba ya sake rubuta ta a layukan da ke biye, sai dai ya buga 'yan alamu biyu a ƙarƙashi, ma'ana duba sama. Haka manhajar take yi. Da zarar ta ci karo da jerin haruffan da ta riga ta gani, maimakon ta sake rubuta su sai ta ce a koma baya taku kaza a kwafo haruffa kaza. Shafin intanet kuwa maimaici ne tsagwaronsa. Alamar buɗe sakin layi da ta rufe shi, sunan launi, adireshin shafin kansa, duk suna dawowa sau ɗaruruwa a fayil guda.

Phil Katz, wanda ya ƙirƙiro fayilolin zip, shi ne ya haɗa dabarun nan biyu wuri guda a farkon shekarun 1990, ya kira haɗin DEFLATE. A 1992 Jean-loup Gailly da Mark Adler suka gina gzip a kansa. Abin da ya tunzura su har da shari'a, domin manhajar matsewa da aka saba da ita a lokacin tana amfani da wata hanya da kamfanin Unisys ke riƙe da haƙƙin mallakarta, ana kuma neman wadda kowa zai ɗauka kyauta ba tare da fargabar lauya ba. Rigimar haƙƙin mallakar nan ce kuma ta haifar da hoton PNG a 1996 don ya maye gurbin GIF. Da aka fitar da ƙa'idar HTTP/1.1 a 1997, gzip yana cikin hanyoyin da ta amince da su, kuma har yau, bayan shekara 30 da ɗoriya da haihuwarsa, babu burauzar da ba ta iya kwance shi ba.

Yadda ragin nauyi yake zama sauri ya fi yadda ake zato sarƙaƙiya, kuma a nan ya kamata a daɗe. Lissafi na farko kowa ya san shi: ƙaramin kaya ya fi saurin wucewa ta ƙuntatacciyar hanya. In sabis yana ba da megabit ɗaya a sakan, kamar yadda yakan faru a ƙauye ko a cikin cunkoson kasuwa, kilobait 500 zai ci sakan 4, kilobait 125 kuma sakan ɗaya. Amma ko a wurin da sabis yake da ƙarfi matsewa tana da tasiri, saboda wata ɗabi'a ta ƙa'idar TCP da ake jigilar bayanai da ita. Sabar ba ta san ƙarfin hanyar da ke tsakaninta da mai karatu ba, don haka ba ta sakin kaya gaba ɗaya. Takan fara da ƙunshi 10, wajen kilobait 14 ke nan, ta dakata sai an ce mata sun iso. In sun iso ta ninka, ta sake jira, ta sake ninkawa. Kowane jira sawu ne guda na zuwa da dawowa.

Mu ƙaddara shafi mai kilobait 100 na rubutu. Sawun farko zai kawo 14, na biyu 28, na uku 56, jimilla 98, saura kaɗan amma dole a yi sawu na huɗu. In an matse shi ya koma kilobait 20, sawu biyu sun wadatar. In da za a iya tsuke shi ya shiga cikin 14 ɗin farko, sawu ɗaya ne kawai. Ga mutumin da ke Frankfurt yana buɗe shafin da sabar tasa take Frankfurt, sawu ɗaya bai wuce 'yan milisakan ba, ba zai ma lura ba. Ga wanda ke Kano ko Maraɗi yana buɗe shafin nan, labarin ya sha bamban. Haske a cikin zaren gilashi yana tafiyar kilomita kusan 200,000 a sakan. Kebul ɗin MainOne da ya taso daga Fotugal ya sauka Legas a 2010 tsawonsa wajen kilomita 7,000 ne, zuwa da dawowa 14,000, wato milisakan 70 ke nan tun ba a lissafa komai ba. Sai a ƙara tafiyar da ke tsakanin Legas da Arewa, da wadda ke tsakanin Fotugal da inda sabar take, da jinkirin da ke tsakanin waya da turken sabis. Cikin sauƙi sawu guda yake kai milisakan 200. Sawu biyun da matsewa ta rage sun zama kusan rabin sakan, kuma wannan a kan fayil ɗaya tak, alhali sai burauza ta karanta shi sannan take sanin sauran fayilolin da za ta nema.

Tun a 2010 wani injiniyan Google mai suna Mike Belshe ya gwada wannan, ya ga cewa da zarar faɗin hanya ya wuce kamar megabit 5 a sakan, ƙarin faɗi ba ya ƙara wa buɗewar shafi wani saurin a zo a gani, amma duk ragin da aka yi wa lokacin zuwa da dawowa yana bayyana kai tsaye. Abin da wannan yake nunawa shi ne matsewa ta fi amfanar wanda yake nesa kuma sabis ɗinsa ba shi da ƙarfi. Masu gina shafin kuwa galibi suna gwada aikinsu ne a ofis, a kan kwamfuta mai ƙarfi da intanet mai kyau, inda ba za su taɓa jin abin da mai karatunsu yake ji ba.

To me ya sa ba kowace sabar ke matsewa ba, tunda manhajar kyauta ce? Wani lokaci tsoron aiki ne. Matsewa lissafi ce, lissafi kuma firosesa ke yinsa, kuma kamfanin da ya cusa ɗaruruwan shafuka a kan inji guda yana ƙididdige kowane ɗigon ƙarfin da kowa ya ci. A shekarun 1990 wannan dalili yana da ƙarfi. Yau ya yi rauni ƙwarai, domin gzip a matsakaicin mataki abu ne da injin zamani yake yi ba tare da ya ji a jikinsa ba. Mafi yawan lokaci dai sakaci ne kawai. Manhajar nginx, ɗaya daga cikin waɗanda suka fi yawa a sabobin duniya, tana zuwa ne da gzip a kashe. In an kunna, mataki na 1 take farawa da shi, mafi rauni cikin 9, kuma HTML kaɗai take matsewa sai an lissafa mata sauran nau'o'in da hannu. A fayil ɗin saiti da yake zuwa da tsarin kwamfuta na Ubuntu, layin kunna gzip a buɗe yake, amma layin da ya jera CSS da JavaScript an sa masa alamar da ke hana shi aiki. Mai shafi zai duba ya ga an rubuta gzip on, hankalinsa ya kwanta, alhali fayilolin da suka fi nauyi suna fita tsirara. Goge alama ɗaya a farkon layin nan ya fi sauya kamfanin masauki amfani a shafuka da dama.

Batun mataki ma yana da nasa wayon. Daga mataki na 1 zuwa na 6 na gzip ana samun ragi mai ma'ana. Daga 6 zuwa 9 kuwa firosesa tana shan wahala sosai a kan ragin da bai taka kara ya karya ba. Sannan dole a raba kaya gida biyu. Akwai fayilolin da ba sa canjawa sai an sabunta shafi, irin su CSS da JavaScript da haruffan ado. Waɗannan sau ɗaya ya kamata a matse su, da mataki mafi tsanani, a ajiye, duk wanda ya nema a miƙa masa. Akwai kuma shafin da ake haɗawa a take don mutum guda, kamar kwandon sayayyarsa ko sakamakon bincikensa. Wannan in aka ce sai an matse shi iyakar matsewa, lokacin da za a ɓata wajen matsewar zai fi wanda za a tsira da shi a hanya. An sha ganin wanda ya ɗaga mataki zuwa ƙololuwa da niyyar gyara, shafinsa ya ƙara nauyin jiki.

Brotli, wanda burauza take kira br, ya fito ne daga hannun Jyrki Alakuijala da Zoltán Szabadka na Google. A 2013 aka fara shi don matse haruffan ado, a 2015 aka faɗaɗa shi ga kowane irin rubutu, a 2016 ya zama ƙa'ida. Ya fi gzip ta fuska biyu. Gzip ba ya iya waiwayen abin da ya wuce kilobait 32 a baya, Brotli kuwa yana iya waiwayen har megabait 16. Na biyu, yana tafe da ƙamus a cikinsa, mai kalmomi da guntayen jimloli sama da 13,000 da aka tsinto daga shafukan intanet, ta yadda tun a layin farko yana da abin da zai yi nuni gare shi. Sakamakon shi ne fayil yakan ƙara raguwa da kamar kashi 15 zuwa 20 cikin 100 a kan abin da gzip ya bayar. Matakansa daga 0 ne zuwa 11, na 11 ɗin kuma yana da jinkiri ainun, bai dace da komai ba sai kayan da aka matse aka ajiye. Burauzoji ba sa neman sa sai a shafin da ke da kariyar HTTPS.

Ƙamus ɗin nan harsuna shida aka zuba masa: Turanci, Sifaniyanci, Sinanci, Hindi, Rashanci da Larabci, sai guntayen HTML da JavaScript. Babu Hausa a ciki. Ga kuma haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, kowannensu bait biyu yake ci a tsarin UTF-8 inda b da d da k suke cin ɗaya, haka ma yawancin haruffan ajami. Na ji masu cewa wannan dalili ne na barin lanƙwasa a rubutun intanet. Ba hujja ba ce. Rubutun labari gaba ɗayansa, komai tsawonsa, da wuya ya kai nauyin ƙaramin hoto guda, kuma maimaicin da ke cikin Hausa ya ishi kowace manhajar matsewa abin yi. Wanda ya rubuta kasa a inda ake nufin ƙasa bai rage wa kowa data ba, ya dai ƙara wa mai karatu aiki.

Na baya-bayan nan shi ne Zstandard, wanda Yann Collet ya fitar a Facebook a 2016. Ƙarfinsa sauri ne: yana kai wa ragin da ya yi daidai da na gzip ko ya fi, cikin ɗan ƙanƙanin lokaci. Chrome da Firefox sun fara karɓar sa a 2024. Ya dace da shafukan da ake haɗawa a take, kuma manyan kamfanoni masu biliyoyin buƙatu a rana suna ganin bambancin a kuɗin wuta da na injuna. Mai jaridar intanet da ke Kaduna ba shi da dalilin rasa barci a kansa.

Abin da ya kamata ya hana shi barci hotuna ne. Ƙididdigar HTTP Archive, wadda take auna miliyoyin shafuka, ta nuna cewa a 2024 matsakaicin shafi a waya ya haura megabait 2, kuma hotuna ne suka fi kowa kaso, kusan megabait ɗaya. Gzip da Brotli ba su da abin da za su yi wa hoto, domin JPEG da PNG da bidiyo an riga an matse su, maimaicin ya ƙare. Bi ta kansu da gzip ɓata ƙarfin inji ne, wani lokaci ma fayil ɗin ƙaruwa yake yi. Matse hoto wata sana'a ce daban, wadda ake yarda a yi asarar wani abu. JPEG, tun 1992, yana zubar da bambancin launi da ƙananan zane-zanen da idon mutum ba ya kamawa, kuma abin da ya zubar ba ya dawowa. Duk wanda ya tura hoto ta WhatsApp ya ga ya ɗan dusashe a ɗaya ɓangaren ya ga irin wannan matsewa da idonsa.

Ga yadda ɓarnar take faruwa. Wakili ya ɗauki hoton taro da waya mai megafiksel 12. Hoton yana da faɗin ɗigo 4,000 da tsayin 3,000, nauyinsa megabait 3 ko 4. Ya tura wa edita, edita yana sauri ya ɗora shi a shafi yadda yake. A wayar mai karatu gurbin da hoton zai zauna bai fi faɗin ɗigo 400 ba, ko 800 a waya mai kaifin allo. Wayar za ta sauko da dukan megabait 4 ɗin, ta sha wahalar buɗe shi, sannan ta ƙanƙance shi da kanta. Da an rage faɗinsa zuwa 800 kafin a ɗora, aka adana shi da matsakaicin inganci, da wuya ya wuce kilobait 100, kuma ba mai iya bambance su da ido a allon waya. Hoto ɗaya irin wannan ya cinye duk ribar da Brotli zai samar a shafin sau da yawa. Sababbin nau'o'i suna ƙara taimakawa: WebP da Google ya fitar a 2010, wanda kamfanin ya ce yana ƙasa da JPEG da kashi 25 zuwa 34 cikin 100, kuma tun 2020 da burauzar Safari ta karɓe shi kusan kowace burauza tana buɗe shi; sai AVIF na 2019 da yakan fi shi tsukewa amma ya fi cin lokaci wajen haɗawa. Sai dai rage faɗin shi ne kan gaba. Haka kuma takardar sanarwa da hukuma za ta ɗauka hoto ta mayar PDF mai megabait 10, alhali rubutun da ke ciki bai cika shafi biyu ba, laifi ɗaya ne da na editan nan.

Akwai kuma inda matsewa take rufe ido. JavaScript ba kamar hoto ba ne da za a nuna a wuce, umarni ne da dole waya ta karanta, ta fassara, ta aiwatar. Matsakaicin shafi yana aiko da sama da rabin megabait nasa a matse, wanda in an warware yakan ninka sau uku ko fiye. Mai shafi yana kallon ƙaramar lambar yana murna, firosesar waya kuwa babbar lambar take fama da ita. Kwance ƙullin ba shi ne wahalar ba, wannan nan da nan ake gama shi. Aiwatarwar ce take cin lokaci, kuma a ƙananan wayoyin Itel da Tecno da suka cika hannun jama'a a ƙasashenmu, aikin da babbar waya take gamawa cikin sakan ɗaya yana iya cin sakan da yawa. Shi ya sa za ka ga shafi ya bayyana sarai amma ka taɓa ya ƙi motsi, waya ta ɗau zafi, batir yana zuba. Mafi yawan wannan kaya ma ba na labarin ba ne, na masu talla ne da masu bibiyar sawun mai karatu, da tarin ƙarin manhajojin da aka liƙa wa manhajar gina shafi ta WordPress aka manta da su. Maganinsa cirewa ne.

Ta fuskar tsaro ma matsewa ta taɓa jawo magana. A 2012 Juliano Rizzo da Thai Duong suka nuna wani hari da suka kira CRIME, a 2013 kuma wasu masu bincike suka nuna ɗan'uwansa BREACH. Dabarar tana da ban sha'awa. Ɓoye saƙo yana hana a karanta abin da ke ciki, amma ba ya ɓoye tsawonsa. In maharin yana iya cusa 'yan haruffansa a cikin saƙon da ke ɗauke da wani sirri, sai ya riƙa canki yana kallon tsawo. Duk lokacin da cankinsa ya dace da wani yanki na sirrin, manhajar matsewa za ta gan shi a matsayin maimaici, saƙon ya ɗan gajarta. Da haka, harafi bayan harafi, sai ya tsamo sirrin. Saboda wannan ne aka cire matsewa ɗungurungum daga ƙa'idar ɓoye saƙo ta TLS 1.3 a 2018, aka kuma ƙera wa HTTP/2 wata hanya ta daban mai suna HPACK don matse kawunan saƙonni. Ga shafin labarai da kowa yake ganin abu ɗaya, babu abin tsoro. Banki da shafin da ake shiga da kalmar sirri su ne suke buƙatar lura da inda suke haɗa sirri da abin da baƙo ya rubuto.

Shekarun baya akwai masu tsaya wa mai karatu a tsakiya. Opera Mini, da ta bazu a duniya daga 2006 kuma ta samu karɓuwa ƙwarai a Nijeriya, tana ɗauko shafi ne ta sabobinta, ta tsuke shi, ta rage hotunan, sannan ta miƙo wa waya, har kamfanin yana cewa ragin yakan kai kashi 90 cikin 100. Mutane da yawa da ita suka fara sanin intanet a ƙananan wayoyin Nokia. Chrome ma ya yi irin wannan tsari na tsimin data, ya rufe shi a 2022. Yanzu da kusan kowane shafi yake tafe a ɓoye cikin HTTPS, na tsakiya ba ya iya buɗe kaya ya gyara sai da yardar mai shi. Nauyin ya dawo wuyan mai shafi da kamfanin da ya ba shi masauki. Abin da ya rage na taimako shi ne kamfanonin rarraba kaya irin su Cloudflare, wanda yake da injuna a Legas: suna ajiye kwafin fayiloli kusa da mai karatu, su matse su a hanya, ta haka su rage nisan da matsewa ba ta iya ragewa. Ranar 14 ga Maris 2024, da kebul huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, aka koma cusa zirga-zirgar ƙasashe da dama ta 'yan hanyoyin da suka rage, shafuka marasa nauyi da waɗanda suke da kwafi a cikin gida su ne suka fi saurin samuwa.

Sannan akwai kuɗi. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta Nijeriya, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara farashi har zuwa kashi 50 cikin 100. Wanda ya sayi gigabait ɗaya, in kowane shafi yana cin megabait biyu da rabi, shafuka 400 zai buɗe. In shafukan rabin megabait ne, zai buɗe 2,000 da kuɗin nan dai. Mai shafi ba ya ganin wannan lissafi a littafinsa, domin ba daga aljihunsa yake fita ba. Abin da yake gani shi ne mutane suna shigowa suna fita ba su karanta ba. Wani binciken Google na 2016 ya ce kashi 53 cikin 100 na masu shiga da waya suna barin shafin da ya wuce sakan 3 bai buɗe ba, kuma tun 2018 kamfanin yake sa saurin shafi cikin abin da yake dubawa wajen jera sakamakon bincike a waya.

Don haka, mai shafi, kafin ka biya kuɗin babban masauki, buɗe shafinka a kwamfuta, ka danna F12, ka shiga sashen da ke nuna fayilolin da suke saukowa. Duba ko HTML da CSS da JavaScript suna ɗauke da Content-Encoding mai cewa gzip ko br. In babu, rubuta wa kamfanin masaukinka yau, aikin minti biyar ne a wurinsu. Jera fayilolin bisa nauyi, ka ga hotuna nawa ne suka haura kilobait 200, ka rage su. Daga nan ka ari ƙaramar waya irin ta masu karatunka, ka kashe wayafai, ka buɗe shafin da datar da ka saya da kuɗinka.